Gani Ya Kori Ji: Yadda Ake Amfani da Bidiyo Wajen Rage Ƙararrawar Ƙarya a Wurin Kasuwanci

Ƙarfe biyu da rabi na dare waya ta yi ƙara. Daga cibiyar sa ido ne, wato kamfanin da ke lura da ƙararrawarka daga nesa, wai ƙararrawar sito ta tashi. Ka zura riga, ka figi mota gabanka na faɗuwa, ka isa ka tarar da ƙofa a garƙame, komai yana nan yadda aka bar shi. Karo na farko hamdala za ka yi. Karo na shida kuwa tsaki za ka ja, ka juya ka gyara kwanciya. To wannan juyawar ita ce babbar ɓarnar da ƙararrawar ƙarya ke yi, domin ranar da ɓarawo na gaske zai shiga, sautin da za ka ji bai bambanta da na sauran ranakun ba.

Ba kai kaɗai ke gajiya ba, 'yan sanda ma sun gaji. Wani jagora da Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta wallafa ya nuna cewa kashi 94 zuwa 98 cikin 100 na kiran ƙararrawar ɓarayi da ke isa ga 'yan sanda na ƙarya ne. Shi ya sa birane irin su Las Vegas tun 1991, da Salt Lake a 2000, suka daina tura jami'i don kawai ƙararrawa ta yi kuka, sai in an tabbatar da akwai matsala. A Ingila da Wales kuma, wurin da ƙararrawarsa ta jawo kiran ƙarya sau 3 a cikin wata 12 yakan rasa amsawar 'yan sanda har sai ya gyara tsarinsa.

Tantancewa da bidiyo abu ne mai sauƙin fahimta. Da zarar wata na'ura ta ji motsi, sai guntun bidiyon daidai wurin da daidai lokacin ya tafi ga wani mutum, ya duba da idonsa, sannan ya yanke: a yi shiru, a kira mai wuri, ko a kira 'yan sanda. Amma a lura, rataya kyamara a bango ba shi ne tantancewa ba. Na sha shiga wuraren da ke da kyamara goma sha shida da ƙararrawa mai tsada, amma babu abin da ya haɗa su sai dai gini ɗaya suke ciki. Aikin duka yana cikin haɗa su ne, ga kuma yadda ake yi.

Mataki na 1: Fara da tarihin ƙararrawarka

Kafin ka sayi ko da waya mita ɗaya, buɗe tarihin da akwatin sarrafa ƙararrawa ke ajiyewa, wanda masu aikin ke kira fanel. Idan kana da cibiyar sa ido, nemi su turo maka rahoton wata uku da suka wuce. Ka ɗauki takarda ka rubuta kowace tashi: rana, lokaci, wace na'ura ce ta tashi, da abin da aka tarar.

Da ka jera su, takardar za ta fara magana da kanta. Wadda ke tashi daidai lokacin buɗewa ko rufewa, aikin mutum ne: wani ya manta lambar sirri, ko ya tsaya amsa waya a bakin ƙofa har lokacin da fanel ke bayarwa don a fita kafin ƙararrawa ta fara aiki ya ƙare. Wadda ke tashi kusan lokaci guda kullum da yamma, nemi inda rana ke ratsowa ta taga. Wadda ba ta tashi sai daren da ake iska, je ka girgiza ƙofar ka ga ko tana wasa. Wadda ke biyo bayan ɗaukewar wuta, batirin fanel ne ya gaji. Sau da yawa za ka ga na'ura biyu ko uku ne ke jawo fiye da rabin ciwon kan.

Mataki na 2: Gyara abin da ba ya buƙatar kyamara

Wannan matakin ne mutane suka fi tsallakewa, saboda ba shi da armashi. Amma idan ka haɗa bidiyo da na'urar da ke tashi sau biyar a dare, mai sa ido zai gaji da kai kamar yadda 'yan sanda suka gaji, sai dai shi yana gani ne a allo.

Na'urar gano motsi da aka fi amfani da ita ba hoto take gani ba, sauyin zafi take ji yayin da wani abu mai ɗumi ya gitta gabanta. Don haka kada ta fuskanci taga, ko bakin na'urar sanyaya ɗaki, ko injin da ke yin zafi ya huce. Akan ɗaura ta sama da mita 2 kaɗan, kuma ta fi jin wanda ya ratsa ta gabanta a kan wanda ya tunkaro ta kai tsaye. A wurin da ke da iska ko zafi mai yawan sauyawa, kamar sito mai rufin kwano, sanya irin mai ido biyu, wadda ke haɗa jin zafi da siginar maikurowef, ba ta tashi sai dukansu sun yarda akwai motsi.

Na taɓa bin wata ƙararrawa har mako biyu ban gano kanta ba. Na canza na'ura, na canza waya, a banza. Ashe wani allon talla ne na leda da aka rataye da zare daga silin, da rana ba ya motsi sosai, amma da dare idan na'urar sanyaya ɗaki ta kunna kanta sai ya shiga lilo a gaban iskar. Almakashi ne ya yi maganin abin.

Ƙofofi kuma, duba tazarar da ke tsakanin maganaɗisun da ke jikin ƙofa da abokinsa, wato na'urar da ke jin an buɗe ta. Ƙofar ƙarfe mai naɗewa tana buƙatar irin mai jure tazara mai faɗi. Batirin fanel yakan so canji tsakanin shekara 3 zuwa 5. Sannan ka ba kowane ma'aikaci lambarsa ta kansa, har da masu shara da masu kawo kaya da asuba, ka kuma auna ko lokacin shiga ya isa. Ƙa'idar CP-01 ta Amurka, wadda aka tsara musamman don rage ƙararrawar ƙarya, ta sa daƙiƙa 30 na shiga da 60 na fita a matsayin saitin farko. Idan daga ƙofa zuwa wurin danna lamba akwai tafiya, ko dai ka ƙara lokacin ko ka matso da madannan.

Mataki na 3: Zaɓi hanyar da ta dace da wurinka

Hanya uku ce. Akwai na'urar gano motsi da ke ɗauke da ƙaramar kyamara a jikinta, mai aiki da batir. Da ta tashi sai ta tura 'yan hotuna ko bidiyo na daƙiƙa kaɗan. Hotonta ba shi da kyau sosai, amma tana da fa'ida guda da ta fi komai: abin da na'urar ta ji shi ne abin da kyamarar ta gani, babu kuskuren haɗi. Ta dace da ƙaramin ofis ko wurin da jan waya zai yi wuya.

Hanya ta biyu ita ce haɗa kyamarorin da kake da su da fanel, ta waya ko ta manhaja, yadda tashin kowace na'ura zai jawo bidiyon kyamarar da ke kallon wurin. Kafin ka yi alkawari da kowane kamfani, tabbatar manhajarsu za ta iya karɓar bidiyo daga rikodarka, wato na'urar da ke naɗar abin da kyamarorinka suka ɗauka. Kayan da ke bin ƙa'idar ONVIF sun fi sauƙin jituwa da na wasu kamfanoni.

Ta uku, kyamarar da kanta ce ke tayar da ƙararrawa idan manhajarta ta gane siffar mutum ko mota. Wannan ta fi amfani a fili, kamar harabar ajiye motoci ko wurin gini, inda babu ƙofar da za a sa wa maganaɗisu.

Sai babbar tambaya: wa zai duba? Za ka iya sa bidiyon ya zo wayarka, kuma ya fi arha. Sai dai ka tambayi kanka tsakani da Allah ko za ka farka ƙarfe uku na dare, ko wayar za ta kasance da caji, da kuma abin da zai faru ranar da kake cikin jirgi. A ganina, wurin da ke da kaya masu daraja ya kamata ya biya cibiyar da ke da mutane a zaune dare da rana, wayar mai wuri ta zama ƙari kawai.

Mataki na 4: Aura wa kowace na'ura kyamararta

Nan ne zuciyar aikin, don haka kada ka yi gaggawa. Zana taswirar wurin ko da da biro ne. Sa alama a kan kowace na'urar motsi da kowace ƙofa mai maganaɗisu, sannan ka ja layin abin da kowace kyamara ke gani. Ƙa'idar ɗaya ce: duk inda na'ura za ta iya jin motsi, dole wata kyamara ta iya ganinsa. Idan na'ura tana jin mita 12 amma kyamara tana ganin mita 7 na farko kawai, to akwai mita 5 da mutum zai tsaya ya tayar da ƙararrawa, mai sa ido ya duba ya ga wayam, ya rubuta "ƙarya ce". Wannan ya fi rashin kyamarar haɗari, domin ka ba ɓarawo shaidar wankewa da hannunka.

Ƙofar waje tana son ido biyu in da hali: ɗaya a ciki yana kallon mai shigowa, ɗaya a waje yana nuna ko an ɓalle ta ne ko da makulli aka buɗe. Kada kyamarar ciki ta hau can ƙololuwar silin, ba abin da za ka samu sai tsakiyar kai da hula. Tsayin da bai wuce mita 3 ba yakan ba da fuska.

Sai ingancin hoto, wanda lissafinsa ba shi da wuya. Ƙa'idar IEC 62676-4 ta 2014 ta auna shi da yawan fiksel, wato ƙananan ɗigogin da ke haɗa hoto, a kan kowace mita ta faɗin wurin: 25 don a gane akwai mutum, kimanin 63 don a ga abin da yake yi, 125 don ka gane wanda ka sani, 250 don a iya shaida baƙo. Kyamara mai fiksel 1920 a faɗi, idan tana kallon wuri mai faɗin mita 30, kowace mita ta samu 64. Hakan ya isa mai sa ido ya ce mutum ne kuma yana ɗaukar kaya. Idan faɗin mita 15 ne, ka samu 128, manaja zai iya cewa ai wannan ma'aikacinmu ne. Don tantance ƙararrawa ba lallai ne ka kai 250 a ko'ina ba, amma a bakin ƙofar shiga ka yi ƙoƙari ka kai.

Daga nan ka raɗa wa kowace shiyya, wato yankin da wata na'ura ke tsaro, suna mai ma'ana, kuma suna ɗaya a fanel da rikoda da wajen cibiya. "Shiyya 7" ba ta gaya wa kowa komai. "Ƙofar baya ta sito, ɓangaren lodi" kuwa, mai sa ido zai karanta wa 'yan sanda ita kai tsaye, su san ta inda za su ɓullo.

Mataki na 5: Koma wurin da dare

Kusan duk wanda ke saka kyamara da rana yake saitinta, alhali ƙararrawa da dare take aiki. Kashe fitilu kamar yadda ake barin wurin, ka sa wani ya yi tafiya a gaban kowace kyamara, kai kana kallon allo. Mutum a tsaye yakan fito tsaf, mai tafiya kuma ya zama kamar hayaƙi idan haske ya yi ƙaranci. Idan ka ga haka, ƙara haske. Fitila mai kunna kanta idan ta ji motsi, ko wadda fanel ke kunnawa da zarar ƙararrawa ta tashi, tana gyara hoto kuma tana razana mai shigowa.

Kyamarori masu ganin dare suna fitar da hasken infared da ido ba ya gani. Idan akwai farin bango ko bututu kusa da bakin kyamarar, hasken zai dawo ya kashe mata ido, sauran wurin ya yi baƙi ƙirin. Haka idan aka sa ta bayan gilashi. Ga kuma yanar gizo, ba ta intanet nake nufi ba, ta ainihin gizo-gizo. Zare ɗaya da ya gitta gaban gilashin kyamara yakan haska kamar igiyar wuta, iska na kaɗa shi manhaja na ihun motsi har gari ya waye. Doguwar tsintsiya mai laushi sau ɗaya a wata ta wadatar. Inda abin ya yi ƙamari, kashe hasken jikin kyamarar ka ɗaura fitilar infared daban, ɗan nesa da ita.

Mataki na 6: Saita guntun bidiyon da hanyar da zai bi

Abin da ya tayar da ƙararrawa yakan faru ne kafin ta tashi, ba bayan ta tashi ba. Saboda haka saita rikoda ta haɗa da daƙiƙa 5 zuwa 10 na kafin tashin, da wasu 10 zuwa 20 na bayansa. Idan babu na kafin, mage za ta gitta ta wuce, a turo wa mai sa ido hoton ɗakin da babu kowa.

Agogon fanel da na rikoda su riƙa karɓar lokaci daga wuri ɗaya ta intanet. Saɓanin daƙiƙa 40 kacal ya isa ya sa a yanko ɓangaren da ba shi ne ba.

Guntun da za a tura kada ya yi nauyi. Yawancin kyamarori suna fitar da hoto iri biyu a lokaci guda, babba da ƙarami. Tura ƙaramin don ya isa da sauri, babban ya zauna a rikoda don shaida. Ka kuma tanadi hanya biyu ta sadarwa, intanet ta waya da layin salula, domin ɓarawon da ya san aikinsa waya yake fara yankewa. Rauta, wato akwatin da ke raba intanet, da rikoda da abin da ke ba kyamarori wuta duk su hau batirin ko-ta-kwana. Fanel yana da nasa batirin, amma in wuta ta ɗauke kyamarori suka mutu, ka koma ji ba gani.

Mataki na 7: Idan kyamara ce ke tayar da ƙararrawar

Kashe tsohon saitin nan da ke tashi da duk wani sauyin hoto, domin inuwar gajimare da fitilar mota da ruwan sama duk motsi ne a wurinsa. Kunna mai gane mutum da mota. Ja layi a cikin shingenka, ba a kan titi ba, ka cire bishiyoyi da tutoci daga yankin da ake lura da shi, ka sa jadawali yadda ba zai yi aiki ba sai bayan an tashi. Mako biyu na farko bar shi yana rubutawa ba tare da kiran kowa ba, kana dubawa kana gyarawa. Duk lokacin da ka rage masa ƙarfin ji, sake gwada shi da mutum, har da mai rarrafe da mai tafiya a jikin bango.

Mataki na 8: Rubuta wa mai sa ido abin da zai yi

Bidiyo ya iso, sai me? Idan ba a rubuce yake ba, kowane ma'aikacin cibiya zai yi abin da ya ga dama. A 2023 masana'antar tsaro a Amurka ta fitar da ma'aunin AVS-01 mai hawa biyar, kuma ko ba a can kake ba tsarin yana da amfani: 0, babu buƙatar kiran kowa, 1, ƙararrawa ta tashi amma babu ƙarin bayani, 2, akwai alamar mutum amma ba a san nufinsa ba, 3, an tabbatar ana barazana ga dukiya, 4, an tabbatar ana barazana ga rai.

Zauna da cibiyarka ku cike kowane hawa da umarni. An ga mage ko leda: a rubuta, a turo maka saƙo da safe. An ga mutum da kayan aiki ya shigo da makulli: a kira wurin a nemi kalmar sirri, in ba a samu ba a kira manaja. An ga ana ɓalle ƙofa ko ana fitar da kaya: 'yan sanda tukuna, sannan kai. Ba su jerin mutum uku aƙalla da za a kira bi da bi, da lokutan masu shara da masu kawo kaya. Idan akwai lasifika a wurin, mai sa ido zai iya magana kai tsaye, ya ambaci launin rigar mutumin don ya san ana ganinsa. A fili, kafin a kai ga fasa ƙofa, wannan yakan kori da yawa.

Wurin da ya fi buƙatar tunani shi ne idan ba a ga komai ba. Rashin gani ba shaida ba ce cewa babu kowa. Umarnin ya ce a buɗe kyamarorin da ke maƙwabtaka kai tsaye, a ci gaba da lura na ɗan lokaci. Idan wata na'ura ta biyu daban ta tashi a bayan ta farko, a ɗauke shi da gaske ko ba a ga kowa ba, domin leda ba ta tafiya daga ɗaki zuwa ɗaki. Ƙa'idar BS 8243 ta Biritaniya ma tana karɓar tashin na'ura biyu a jere a matsayin tabbaci. Haka idan ƙararrawa ta tashi kuma kyamarar wurin ta mutu ko an rufe mata ido a lokaci guda, wannan ba dace ba ne.

Abu biyu kuma ba sa jiran bidiyo ko kaɗan: ƙararrawar gobara, da maɓallin neman agaji da ma'aikaci ke dannawa idan an tsare shi. A rubuta wannan da manyan baƙaƙe. Kai ma, idan bidiyo ya nuna mutum a ciki, kada ka je kai kaɗai.

Mataki na 9: Gwaji

Kira cibiya ka ce su sa wurinka a yanayin gwaji, don kada a tayar da 'yan sanda a banza. Kunna ƙararrawa, ka bi na'urorin ɗaya bayan ɗaya, mai sa ido yana kan waya yana gaya maka sunan shiyyar da ta zo masa da abin da yake gani. Riƙe agogo ka auna daga tashin na'ura zuwa isar bidiyo. Idan ya kai minti guda, akwai gyara a hanyar sadarwa. Tsaya a can ƙarshen inda na'ura ke ji, a kusurwoyi, ka tambaya ko ana ganinka. Cire wayar intanet ka sake gwadawa, kashe wutar gini ka sake. Yi duka da rana, ka maimaita da dare.

Mataki na 10: Doka, kariya da kulawa

Sa allon sanarwa cewa akwai kyamara, ka sanar da ma'aikata a rubuce. Banɗaki da ɗakin canza kaya ba wurin kyamara ba ne. Naɗar murya tana da doka mai tsauri fiye da hoto a ƙasashe da dama, don haka bincika dokar inda kake kafin ka kunna makirufo. Canza kalmar sirrin da kyamara ta zo da ita daga kamfani, ka sabunta manhajarta, ka taƙaita waɗanda za su iya kallo. Cibiyar sa ido ma a iya saita ta yadda ba za ta ga komai ba sai lokacin da ƙararrawa ta tashi.

Takardar nan ta mataki na farko kada ka jefar da ita. Ci gaba da cike ta kowane wata, ka ƙara layi ɗaya: me bidiyo ya nuna? Na'urar da ta tashi sau biyu a kan abu ɗaya, a je a gyara ta a makon. Duk ranar da ma'aikaci ya bar aiki, a goge lambarsa a cire sunansa daga jerin kira kafin a rufe. Duk ranar da aka sauya jerin kantoci ko aka tara kwalaye har sama a sito, wani ya buɗe allo ya duba ko har yanzu kyamarar tana ganin ƙofar baya, ko kuwa gefen kwali take kallo.